Wifin da Na Ƙi Rufewa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren Barira ba, kuma ko na so in manta, samarin unguwarmu ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta gaban fadarsu ta hira da shan shayi da ke bakin kwalta, sai in ga wani ya yi wuf ya cusa wayarsa cikin aljihu yana dariya ƙasa-ƙasa. Nakan yi murmushi in wuce, amma ni kaɗai na san abin da ke cikin murmushin.

Ni malamin makaranta ne a nan Dogon Dutsi, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Gidana yana gindin dutse, a wani ɗan kwari inda rezon waya, wato sabis, ke wahala. Kira yana shiga lafiya lau, amma in hoto kake son buɗewa sai ka hau tudu ko ka fita bakin kwalta. Da na shiga wani karatu da ake yi daga nesa, sai na sa aka kafa mini intanet a gida: faranti a kan rufi, ɗan farin akwati a falo, da pano mai kama hasken rana da batir saboda ɗaukewar wuta. Ranar da mai haɗawa ya gama aikinsa, ya tambaye ni kod ɗin da zai sa, wato lambar sirrin shiga. Na ce kada ya sa komai. Ya ɗago kai ya dube ni, ya sake tambaya, na ce ya bar shi a buɗe, duk mai so ya zo ya sha. Ya so ya nuna mini yadda ake rufewa ko da wata rana zan canza ra'ayi, na ce kada ya wahalar da kansa.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, da farko niyyar mai kyau ce. Na san ɗalibaina da ke tafiya mai nisa cikin rana don neman darasi guda. Na san matan da mazansu ke ci-rani, sai su yi wata ba su ga fuskarsu ba. Cikin ƴan kwanaki gindin dogon yaron da ke ƙofar gidana ya koma kamar tasha. Ƴan lise, wato ƴan sakandare, suna jingine da katanga da litattafansu, samarin kasuwa suna sauraron wa'azi, maƙwabciyata Madam Rahila mai aikin asibiti takan fito da kujerarta ta sauke waƙoƙin majami'a, tsofaffin mata kuma su zo da waya ƙulle a bakin zane a kira musu ɗa a Legas ko Libiya. Har mai shayi ya taso da teburinsa daga can kusurwa ya kafa a gefen ƙofata.

Daga nan ne abin ya fara hawa mini kai. A kasuwa aka daina ce mini Mushe kawai, sai Mushe mai wifi. Mahauci ya fara ƙara mini tsoka, ƴan kabu-kabu suna yi mini oda daga nesa. Na tsiri wata ɗabi'a ta fita da la'asar in zagaya ƙofar gida hannu a baya, ina tambayar mutane ko yana ja, kamar manomi na duba gero. (Karatun nawa da aka kafa abin dominsa kuwa, sai na jira mutane sun tafi sallah nake samun buɗe darasi. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba.)

A ƙarshen layinmu akwai wani saurayi, Sabi'u, mai sayar da kayan waya. Shi ma yana da wifi, amma nasa na tikiti ne, sana'arsa ce. Ba sai an faɗa ba, na janye masa mutane. Bai taɓa yi mini faɗa ba, yaro ne mai ladabi. Sau ɗaya dai, a fada ana shan shayi, ya ce mini rijiyar da ba ta da murfi wata rana mai ita ma zai rasa na sha. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma akwai jama'a, ni kuma bakina yana son jama'a. Na ajiye kofi na ce, "Ranar da kuka ga kod a wifina, ku ce Mushe ya mutu." Aka kwashe da dariya har da tafi. Na koma gida ina jin kaina kamar na ci zaɓe.

To bari in gaya muku wace ce Barira. Ɗiyar yayana ce, Yaya Arzika, wanda ya tafi Abijan tun ina ɗan firamare. Albasa yake sayarwa a can, kuma da albasar nan ya riƙe karatuna har na zama abin da na zama. Da Barira ta isa shiga makaranta ya aiko mini ita, ya ce gara ta tashi a gida ta san danginta. A hannuna da na matata Zalika ta girma, Baba take ce mini. Shekarar da ta wuce hawan jini ya kayar da Yaya a kasuwa. Ya tashi, amma ɓarin jikinsa na dama bai dawo ba, harshensa kuma ya yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane abin da yake faɗi. Doguwar tafiyar mota ta fi ƙarfinsa.

Da aka sa ranar auren Barira da Sa'adu, wani yaron kirki mai aikin gyaran pano, na kira Yaya in gaya masa. Ya ce ni ne uba, in ɗaura kawai, shi daga nesa zai yi addu'a. Nan take bakina ya sake riga hankalina. Na ce masa ai zamanin wannan ya wuce. Na yi masa alkawari zai ga komai da idonsa ta kiran bidiyo, kuma shi da kansa zai ce ya ba da ɗiyarsa, jama'a su ji. Na je wurin liman na yi masa bayani. Ya ce babu laifi uban ya furta, muddin ina zaune a matsayin wakili in tabbatar. Daga baya matar Yaya, Hajo, ta gaya wa Zalika cewa tun ranar ya fara koyon kalmomin. Kullum bayan sallar asuba sai ya zaunar da ita ya yi ta maimaita "Na ba da Barira ga Sa'adu", tana gyara masa, har bakinsa ya gaji.

Saura kwana kaɗan Zalika ta ce mini, tunda gidan zai cika, me zai hana a rufe wifin na yini ɗaya. Na ce mata ba ta san ƙarfin injin ba. Ta sake faɗa washegari tana tankaɗen gari, ban ko amsa ba. Jajibirin ranar, da la'asar, ana kafa rumfa da jera kujeru, sai ga Sabi'u ya zo taya aiki. Ya ja ni gefe inda ba mai ji ya ce, "Mushe, gobe mutane na da yawa. In ka yarda in sa maka kod na safe kawai, in an shafa fatiha mu cire. Ba wanda zai sani daga bakina."

Na dube shi na ga tarko. (Babu wani tarko. Ni ne na haƙa shi a cikin kaina na kuma tsaya ina zagaya shi.) Na yi masa godiya irin ta manya, na ce ya bar wannan a hannuna. Don in nuna masa ma, na sa aka fito da tele ɗin da na aro, wato talabijin, aka haɗa da wayata da lasifika, na kira Abijan a gabansa. Hoto ya fito tar, har ana ganin ƙudan da ke kan kafaɗar Yaya. Sabi'u ya ce Allah ya kai mu goben, ya koma jeran kujeru.

Da safe, tun rana ba ta yi zafi ba, ƙofar gida ta cika. Dangin ango sun zo, abokan aikina sun zo, ƴan kasuwa, mutanen ƙauye daga Lugu da Ɗan Kassari, wasu a kan babura wasu a amalanke. Na sha babbar riga ruwan ƙasa mai aiki a wuya. An ɗora tele a kan tebur kusa da tabarmar liman, an jingine wayata a jikin kwanon goro. Kuma (a nan ne nake so ƙasa ta tsage in na tuna) ni da kaina na kira maroƙi na raɗa masa abin da zai faɗa. Ya ɗauki mikoro ya sanar da jama'a cewa yau uban amarya zai yi magana daga Abijan ta wifin Mushe, wifin da ba a taɓa rufewa ba, kyauta ga baƙo da ɗan gari. Na ga hannaye suna shiga aljihu layi-layi. Baƙin da ba su ma san da shi ba, ni na gaya musu.

Na danna kira. Ya shiga. Yaya ya bayyana a tele cikin farar riga da jar hula, zaune a kujera, mutane jere a bayansa. Wurin ya ɗauki guɗa daga cikin gida, tsofaffin da suka san shi suna nuna shi da yatsa suna cewa ga Arzika. Na ga wayar ta ɗan karkace, sai na sunkuya dab da ita in gyara mata zama. Ina cikin haka hoton ya tsaya cak. Yaya ya daskare da hannunsa na hagu a sama, wani ɗan zobe ya fito tsakiyar tele yana juyawa.

Na ce wa liman yanzun nan zai dawo. Bai dawo ba. Na kashe na sake kira, zoben ya ci gaba da juyawa. Na tattare riga na ruga falo na cire wa akwatin wuta na mayar. Kafin in dawo rumfa wayoyin jama'a sun sake faɗa masa kamar ƙudaje a kan mangwaro. Na karɓi mikoro daga hannun maroƙi, na roƙi jama'a cikin ladabi kowa ya sauka daga wifi na ɗan lokaci. Wasu suka sauka. Amma matan da ke cikin gida suna ta aika hotunan lallen amarya, ba su ma ji ni ba, samarin da ke bayan katanga kuma sun ɗauka ba da su ake ba. Liman ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce mini a hankali yana da wani ɗaurin auren a wata unguwa.

Daga can baya wani ya ce, "Mushe, sa kod mana, ba za mu ce ka mutu ba." Aka yi dariya, ba mai yawa ba, amma ta ishe ni. Gaskiyar ita ce ko da na so sa wa, ban san inda ake sa wa ba.

Sabi'u yana zaune a layi na uku. Idona ya faɗa cikin nasa, na ga ya dafa gwiwa ya fara miƙewa. Abin da ya rage mini kawai in ɗaga masa kai. Na kawar da fuska. Cikin duk abin da ya faru a ranar, wannan kawar da fuskar ce ta fi ci mini rai, don a daidai lokacin komai bai ɓaci ba tukuna.

Abin da na yi maimakon haka shi ne na koma malamin aji. Duk wanda ya taɓa tsaron jarrabawa ya san tafiyar nan da ake yi tsakanin layuka, ido a kan hannayen yara. Ita na shiga yi tsakanin kujerun baƙi, da babbar riga, da mikoro a hannu. Mutane suna ganina suna kife wayoyi a cinya. A layin ƙarshe na hango wani tsoho da ban sani ba, siriri, da rawani da ƙura a ƙafa, ya duƙufa a kan waya yana ta danne-danne, bai ko san na iso ba. Duk haushin da ke cikina ya taru a kansa. Na fizge wayar, na ce, "Baba, da furfurarka, kai ma kokowa kake kallo ana jiran ɗaurin aure? Ku ne kuka hana uban yarinya magana."

Na manta mikoro na bakina. Maganar ta fita ta lasifika har cikin gida, har bakin kwalta.

Na dubi abin da ke hannuna. Wata ƴar ƙaramar waya ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo. Irin wadda ba ta san wifi ba, wifi ma bai san ta ba. Tsohon ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, sai mamaki. Ya ce, "Ɗana, kashe ta nika son yi. Na ji ka ce a kashe waya, ban san inda aka latsawa ba. Jikata ka kashe min ita."

Sai uban ango ya miƙe daga kan tabarma. Bai ɗaga murya ba. Ya sanar da ni, da duk wanda ke wurin, cewa wannan Baba Nomau ne, yayan mahaifiyar ango, wanda ya riƙe Sa'adu a Ɗan Kassari tun yana ƙarami, kuma tun asuba ya taso a bayan babur don kada ya makara, da ya iso ya tarar da gaba ta cika ya zauna a baya don ba ya son tayar da kowa. Yana gama faɗa na ga dangin ango suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu. A cikin gida guɗa ta mutu. Na san Barira tana ɗaki tana jin komai.

Na durƙusa gaban tsohon cikin rigar da na yi kwana da kwanaki ina jiran tela a kanta, na miƙa masa wayarsa da hannu biyu, ina ba shi haƙuri da kalmomin da ban ma san me nake cewa ba. (Wani mai tausayi ya zare mikoron daga hannuna. Har yau ban san ko wane ne ba, amma ina yi masa addu'a.) Baba Nomau ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Ya dubi mutanensa da ke tsaye ya ce, "Ku zamna. Arme munka zo ɗaurawa." Suka zauna. Ni kuma ya ce in tashi, ƙasa na ɓata mini riga.

Liman bai ƙara jira ba. Ya ce wakili yana nan, a ci gaba. Na koma tabarma ina kallon ƙasa. Da aka zo wurin, ni na ce na ba da Barira ga Sa'adu, da wata murya da sai da liman ya sa na maimaita. Kalmomin da Yaya ya yi makonni yana koya, ni na faɗe su, a gurguje, ina fatan a gama. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. A bayana tele tana nan da zobenta yana juyawa, har wani ya tuna ya kashe ta.

Da na shiga gida Zalika ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini ruwa, ta bari na sha, sannan ta tambaye ni me ya hana in kira Yaya kira na yau da kullum, in kanga wayar a bakin mikoro ya yi maganarsa. Kira yana shiga a unguwarmu, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma ni tele na yi alkawari, tele na aro, tele na sa maroƙi ya yi wa kirari, don haka kaina bai iya tuna wani abu da ya gaza tele ba.

Bayan azahar jama'a suka ragu, wifi ya dawo garau kamar bai taɓa yin laifi ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira Abijan. Hajo ce ta ɗauka. Ita ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Ta ce Yaya ya gayyato Arawa, mutanen yankinmu da ke unguwarsu, an share tsakar gida, an sayo goro da lemo, tun duhun asuba ya sa aka yi masa wanka aka sa masa rigar. Ta ce da hoton ya tsaya, abin da ya rage musu a waya shi ne hancina da idona ɗaya, sun cika allon gaba ɗaya. Haka suka zauna suna kallo. Wani baƙo ma ya tambaya ko shi ne angon. Ta yi ƴar dariya a nan, ni ma na yi ƙoƙari.

Sai ta ce da aka daɗe, Yaya ya yi tsammanin ko mu muna jinsa, su ne kawai ba sa ganinmu. Ya gyara zama, ya sa aka matso masa da wayar, ya faɗi maganarsa. Ta ce tun da ya kwanta ciwo ba ta taɓa jin ya yi magana a fili haka ba, kalma bayan kalma, ba inda harshensa ya sarƙe. Mutanen da ke wurin suka ce amin, suka shafa. Ya ƙi yarda a cire masa rigar har rana ta take, wai ko za a sake kira.

Ta miƙa masa wayar. Yana kwance, an cire hular. Na buɗe baki in fara bayani ya katse ni.

"An ɗaura?"

"An ɗaura, Yaya."

"To madalla. Ka gaji, je ka huta."

Shi ke nan abin da ya ce. Na fi son da ya zage ni.

Da yamma, kafin a kai amarya, na kai wa Barira wayar ɗakinta ta gaisa da ubanta. Tana lulluɓe, ƙawayenta suka fita suka ba mu wuri. Suka yi magana kaɗan, ya sa mata albarka. Sannan ta roƙe shi ya sake faɗin abin da ya faɗa da safe, ita ma ta ji da kunnenta. Ya gwada. Ya kai sunanta harshen ya ƙi, ya sake gwadawa ya ƙi, sai ya yi murmushi da rabin bakinsa ya ce ta yi haƙuri, na safe ne ya fi kyau. Ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba, ta ce, "Na gode, Baba." Na fita na tsaya bayan ɗaki wurin tulunan ruwa har na ji motocin ɗaukar amarya sun iso.

Mako na zagayowa na ɗauki goro na hau babur zuwa Ɗan Kassari. Na tarar da Baba Nomau a gindin rumbu ana sussukar gero. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma aka kawo fura, ya hana ni ƙarasa ban haƙurin, ya ce wanda ya aurar da ɗiya ranar nan ba a kama shi da laifin baki. Da zan tafi ya ciro wayar ya ce tunda na zo, in nuna masa wurin kashewar. Na nuna masa jan maɓallin, na ce ya danne ya riƙe. Ya gwada ta mutu, ya gwada ta tashi, ya yi ta dariya. Ya sa aka ɗaura mini wake a bayan babur. Duk hanyar dawowa kunyar alherinsa ta fi ta ranar auren nauyi.

Daga can ban wuce gida ba, shagon Sabi'u na tsaya. Na jira masu sayayya suka tafi, na ce masa na zo koyon sa kod. Bai yi murmushi ba, bai tuna mini komai ba, ya rufe shago ya biyo ni. Abin bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Wifin yana nan a buɗe har yau, ɗalibai suna zuwa, tsofaffi suna zuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nakan rufe shi in kira Abijan, mu yi hira da Yaya ba yankewa. Yana tambayar damina, yana tambayar Barira da mijinta. Bai taɓa tayar da zancen ranar ba, ni ma na kasa. Nakan zauna ina kallon bakinsa yana kokawa da kalmomi, ina tuna cewa sau ɗaya suka fito masa daidai, kuma hancina ne kaɗai ya halarta.

Abin da na koya bai da yawa. Buɗe wa duniya ƙofa abu ne mai kyau, amma kafin ka tsaya karɓar gaisuwa, ka leƙa ka ga ko ɗan'uwanka ya sami wurin shiga. In kuma rai ya ɓaci a bainar jama'a, a fara ajiye mikoro tukuna.